ZUMUNTA A ƘAFA TAKE: Darasin Masu Bi Na Farko Ga Ikkilisiyar Ƙasar Hausa



Na san wasu daga cikin masu karatu za su ɗan yi turus da ganin wannan batu, domin a tunanin mutane da yawa in an ce Bahaushe to an gama magana, Musulmi ne, in kuwa an ce Kirista sai hankali ya tafi Kudu, ko Filato, ko Kudancin Kaduna. Ko a littattafanmu na hikaya ma ba kasafai mai karatu yake cin karo da Bahaushe Kirista ba. In Kirista ya shigo labari, galibi mai shagon magani ne a Sabon Gari, ko ɗan bautar ƙasa da aka turo makarantar ƙauye. Amma kuwa akwai mu, a ƙasar Kano da Katsina da Zazzau da Jigawa har Maraɗi, da Hausa muke addu'a, da ita muke wa'azi, da ita kuma muke binne mamatanmu. Wannan magana da 'yan'uwana Kirista nake yin ta, sai dai a tsakar gida zan yi ta inda maƙwabci zai ji, domin gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, kuma ina kyautata zaton Musulmin da ya daure ya karanta har ƙarshe zai ga abin da ya shafi nasa masallacin.

Maganar tawa guda ɗaya ce. Babu kalmar da ta kai zumunta yawa a bakinmu: zumuntar mata, zumuntar matasa, zumuntar maza, tarayyar ikkilisiyoyi. To amma Bahaushe ya riga ya faɗa mana inda zumunta take zaune, ya ce a ƙafa take. Masu bi na farko haka suka fahimce ta, shi ya sa suka yi mata tsari, suka naɗa mutanen da za su ɗauki alhakinta, suka kuma riƙe lissafi. Mu kuwa a yau mun fi ba ta ƙarfi a waƙa da anko, kuma babu ranar da wannan rauni yake fitowa fili kamar ranar da ruwa ya ci gari.

RANAR DA RUWA YA ZO

Bari mu ɗauki ƙasar Miga ta zame mana ma'auni. Miga ƙaramar hukuma ce a jihar Jigawa, cikin masarautar Dutse, tana kwance a kan hanyar Kogin Haɗeja. Wannan kogi daga haɗuwar Kogin Kano da Kogin Challawa yake tasowa, ya bi ta Wudil, ya ratsa ƙasar Ringim, ya gangaro Miga da Auyo da Haɗeja, har ya bazu a dausayin Nguru. Shi ne arzikin mutanen yankin: shinkafa da damina, alkama da kayan lambu da rani, ga kamun kifi, ga kiwo a fadama. Shi ne kuma fargabarsu. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992 tafiyar ruwan ta sauya, ciyawar kachalla ta sami gindin zama ta toshe hanyoyin da ruwa ya saba bi, saboda haka in damina ta yi nauyi a watan Agusta da Satumba sai ruwan ya nemi mafita ta cikin gonaki da gidaje. A ambaliyar 2022, wadda ta ci ran mutum sama da 600 a faɗin Nijeriya ta kuma raba sama da miliyan ɗaya da muhallinsu, Jigawa na cikin jihohin da suka fi jin jiki, kuma garuruwan bakin wannan kogi na cikin waɗanda suka fi shan wuya.

Wanda bai san ambaliya ba yana zaton ranar da ruwan ya shigo ita ce ranar wahala. Ina! Wahalar ta gaske tana zuwa ne bayan ruwa ya janye, 'yan jarida sun naɗe kayansu, motocin agaji sun koma birni. A lokacin ne magidanci zai tsaya ya ga rumbun ƙasa ya narke da hatsin da ke ciki, irin shuka ya tafi, shinkafar da ya ci bashin taki a kanta ta ruɓe a gona, ga kuma wata goma ko fiye kafin wata kakar. Abin da yake riƙe irin waɗannan garuruwa tun kaka da kakanni shi ne gayya. In ruwa ya fara barazana, maza kan fito da buhuna da shebur a cika da ƙasa a ɗaga jinga, wani lokaci har cikin dare, kuma ba a tambayar gonar wa ce ke bayan jingar, domin abin da ya ci Doma ba ya barin Awai.

Kiristoci a wannan yanki 'yan kaɗan ne: malamin makaranta, ma'aikacin asibiti, ɗan sanda, mai shago, sai kuma manoma 'yan ƙasa da ke warwatse a wasu ƙauyukan jihar. Tambayoyina biyu ne. In ruwa ya cinye gonar ɗaya daga cikinsu, wa ya san da shi a manyan majami'un Kano da Kaduna da Jos? In kuma gonar maƙwabcinsa Musulmi ruwan ya cinye, shin mudun ikkilisiya yana isa ƙofar gidansa? Amsar waɗannan tambayoyi tana cikin littafin da muke riƙe da shi kowace Lahadi.

YADDA AKA FARA A URUSHALIMA

Littafin Ayyukan Manzanni, a sura ta 2 da ta 4, ya ba da labarin jama'ar farko ta masu bin Yesu Almasihu a Urushalima. A ranar Fentikos mutum wajen 3,000 suka shiga cikinsu, kuma da yawansu baƙi ne da suka zo idi daga ƙasashe daban-daban, kowa da harshensa. Labarin ya nuna suna cin abinci tare gida-gida, masu gonaki da gidaje suna sayarwa su kawo kuɗin wurin manzanni a raba gwargwadon bukatar kowa, har ta kai ba a samun mai kwana da yunwa a cikinsu. An ma ambaci sunan mutum ɗaya, Yusufu mutumin tsibirin Kubrus, wanda manzanni suka yi wa laƙabi da Barnaba, da ya sayar da gonarsa ya kawo kuɗin.

Musulmi mai karatu ba zai ga baƙon abu a nan ba. Ya san yadda aka ƙulla 'yan'uwantaka tsakanin Muhajirai da Ansaru a Madina bayan hijira a 622, har Sa'adu ɗan Rabi'u ya yi wa Abdurrahman ɗan Aufu tayin rabin dukiyarsa. Ya kuma san cewa kafin wannan, wajen 615, sarkin Habasha Najjashi, wanda yake Kirista, shi ya ba Musulmin farko mafaka. Duk jama'ar imani da ta taso cikin rauni, da ciyar da juna ta fara tsayuwa da ƙafarta.

Akwai abu biyu da masu wa'azi kan tsallake a labarin Urushalima. Na farko, ba dole aka yi wa kowa ba. A sura ta 5, da Hananiya da matarsa Safiratu suka sayar da fili suka ɓoye wani kaso suka yi kamar duka suka kawo, abin da Bitrus ya tuna wa Hananiya shi ne filin nasa ne kafin ya sayar, kuɗin ma nasa ne bayan ya sayar. Laifinsu ƙarya ce da neman suna da abin da ba su bayar ba. Duk wanda ya taɓa zama a taron gidauniya, ya ji an kira sunan wani Alhaji ko wani Dattijo da alkawarin dubban ɗaruruwa, aka tafa, aka yi guɗa, sa'an nan aka shekara ana bin sa bai cika ba, ya san Hananiya bai mutu ba shi da magada.

RIGIMAR FARKO A KAN KWANO AKA YI TA

Abu na biyu shi ne ya fi damuna, kuma yana sura ta 6. Rigimar farko da aka rubuta a tarihin ikkilisiya a kan rabon abinci ta tashi, kuma harshe ne ya raba ɓangarorin. Yahudawa masu bi da ke magana da Helenanci suka yi gunaguni cewa ana tsallake gwaurayensu mata a rabon yau da kullum, ana fifita na 'yan gida masu harshen ƙasar. Wato dai a cikin wannan jama'a da muke yabo, son kai na ƙabila bai ɗauki lokaci ba ya leƙo.

To me manzanni suka yi? Ba su ce masu ƙorafi 'yan tayar da zaune tsaye ne ba, ba su kuma ce a je a yi addu'a a manta ba. Sun tara jama'a suka ce a zaɓi mutum bakwai masu mutunci a danƙa musu aikin rabon. Ku duba sunayen waɗanda aka zaɓa, su Istifanas da Filibus har zuwa Nikolas mutumin Antakiya: dukansu bakwai sunayen Helenanci ne. Masana da yawa sun fahimci cewa daga ɓangaren da ya yi kukan aka ɗebo su. Ma'ana, an ɗauki ludayin an miƙa wa wanda ya ce ana tauye shi. Daga nan ne ikkilisiyoyi da dama suke jawo asalin muƙamin dikin, wanda a yau a wurare da yawa ya koma aikin jera kujeru da zagayawa da kwanon baiko.

Abin bai tsaya a gari ɗaya ba. A zamanin Sarkin Rum Kalaudiyas, wanda ya yi mulki daga 41 zuwa 54, yunwa ta faɗa wa Yahudiya, sai masu bi na Antakiya, tafiyar kusan kilomita 500, suka tara abin da suka iya suka ba Barnaba da Bulus su kai da ƙafarsu. Daga baya Bulus ya shafe shekaru yana tara gudummawa daga ikkilisiyoyin Makidoniya da Koranti domin matalautan Urushalima, mutanen da masu bayarwar ba su taɓa gani ba, ba kuma ƙabilarsu ɗaya ba. A wasiƙunsa ga Korantiyawa ya tsara yadda za a yi: kowa ya riƙa keɓe wani abu a ranar farko ta mako gwargwadon samunsa, ikkilisiyoyi kuma su zaɓi wakilan da za su raka kuɗin, don kada a sami abin zargi a kansa. Ku lura da wannan da kyau. Manzo guda, da duk girmansa, bai yarda ya riƙe jakar kuɗi shi kaɗai ba. Ya kuma yabi mutanen Makidoniya musamman saboda cikin tsananin talauci suka bayar.

Haka aka ci gaba har bayan manzanni. Wajen shekara ta 150 Jastin Shahidi ya bayyana yadda ake tara baiko ranar Lahadi a birnin Rum domin marayu da gwauraye da marasa lafiya da fursunoni da baƙi. Wajen 197 Tatuliyan, ɗan Afirka daga Kartaj a Tunisiya ta yau, ya yi bayanin wani asusu da kowa yake sa abin da ya ga dama sau ɗaya a wata, ana binne matalauta da shi, ana riƙon marayu da tsofaffi. Wajen 251 ikkilisiyar Rum tana ɗauke da nauyin gwauraye da mabukata sama da 1,500, kuma sanin adadin kaɗai ya isa ya nuna cewa akwai littafi da ake rubuta sunaye. A shekarun nan ne kuma Bishop Sifriyan na Kartaj ya aika da kuɗin Rum 100,000 aka fanso masu bi da mahara suka sace a Numidiya, cikin Aljeriya ta yau, lamarin da ɗan Arewa na wannan zamani ba ya bukatar a yi masa fassararsa. Har a 362 Sarki Juliyan, wanda ya bar addinin Kirista yana ƙoƙarin farfaɗo da bautar gumaka, ya rubuta wasiƙa yana kukan cewa Kirista suna ciyar da nasu matalautan har da na waɗanda ba addininsu ɗaya ba. Shaidar abokin gaba ke nan, ita kuwa ba a sayen ta.

MU FA A YAU?

Addinin Kirista ya shigo ƙasar Hausa ta ƙofa biyu, kuma har yanzu ƙofofin ba su gama haɗewa ba. Ƙofa ta farko ita ce ta mishan. 'Yan SIM sun iso Nijeriya a 1893, Likita Walter Miller na CMS ya zauna a birnin Zariya a 1905 kafin a koma Wusasa, aka buga Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa a 1932, aka buɗe asibitin ido na Kano a 1943 da asibitin Galmi a Nijar a 1950, aka kuma yi tashoshi a ƙauyuka irin su Roni. Ta nan aka sami Kirista 'yan ƙasa, yawancinsu manoma daga cikin Maguzawa, waɗanda daga baya da yawansu suka shiga ƙarƙashin ECWA da aka kafa a 1954. Ƙofa ta biyu ita ce ta layin dogo da kasuwa da aikin gwamnati. Jirgin ƙasa da ya isa Kano a 1911, da reshen da ya bi ta Ringim da Malam Madori ya kai Nguru a 1930, su suka kawo ma'aikata da 'yan kasuwa daga Kudu, suka kafa majami'unsu da harsunansu.

Sakamakon haka shi ne a gari ɗaya za ka sami sujadar Turanci da sujadar Hausa, kuma ba sai an faɗa maka wacce ce ke da janareta da kujerun roba masu hannu ba, wacce ce kuma ke zaune a kan benci. Bahaushe Kirista yana tsakiya kamar ɗan maraya a gidan biki: danginsa Musulmi wasunsu na kallon sa a matsayin wanda ya ɓata, ɗan'uwansa Kirista daga wani yanki kuma in ya gan shi da riga da hula, ya ji sunansa Musa ko Haruna, sai ya tsaya yana tantama a ƙofar majami'a. Ba banza ba Hausawa da Fulani da Barebari Kirista suka kafa Tarayyar Masihiyawa domin su sami murya. Shin wannan ba ita ce rigimar sura ta 6 ba, ta canza riga kawai?

Ƙungiyoyin haɗin kai kam muna da su. An kafa TEKAN a 1955, an kafa CAN a 1976. Sai dai haɗin kanmu ya fi ƙarfi a ranar da za a fitar da sanarwa ga gwamnati, ko a ranar da aka taɓa mu. A ranakun da babu rikici, kowace ɗarika tana ta kanta. Kuɗin baiko da zakka yawancinsu sama suke hawa, daga ƙauye zuwa gunduma, daga gunduma zuwa hedikwata, abin da ke gangarowa kuwa bai taka kara ya karya ba. Ana gasar gini, ana gasar motar fasto, mai bishara na ƙauye kuma sau da yawa sai ya haɗa da noma kafin ya ciyar da iyalinsa. Ga kuma wani sabon wa'azi da ya cika gari, mai cewa ka shuka iri a hannun bawan Allah ka girbe ninki ɗari. A Urushalima mai gona ne ya sayar aka ba gwauruwa. A wannan sabon wa'azi gwauruwa ce ke sayar da akuyarta ta kai wa mai gidan bene.

Adalci shi ne in faɗi inda abin yake da rai, kuma wurin matanmu yake. Zumuntar mata, a ECWA ko HEKAN ko Katolika ko Angilikan, ita ce ta fi kowa kama da ikkilisiyar farko. Su ne suka san wadda ta haihu ba ta da zanen goyo, su ne ke zuwa asibiti da kwanon kunu, su ne ke kwana a gidan makoki, su ne ke tara mudu-mudu na hatsi da 'yan kuɗin adashi. Ba su da ofis, amma suna da ƙafa. Abin takaici, in aka zo zaman yanke shawara a kan asusun ikkilisiya, sau da yawa a waje ake barin su.

MASU JA DA WANNAN MAGANA

Wani zai ce, ai tsarin Urushalima bai ɗore ba, sun sayar da gonaki sun cinye, shi ya sa daga baya aka koma tara musu gudummawa. Ko da an yarda da haka, babu wanda ya ce manomin Jigawa ya sayar da gonarsa. Bulus kansa bai nemi Korantiyawa su sayar da komai ba. Abin da ya nema shi ne keɓewa ta mako-mako da riƙon amana, domin yalwar wannan ta toshe rashin wancan a yau, gobe kuma a juya. Wannan kuwa ko adashin mata ya san shi.

Wani kuma zai ce, mu da muke cikin tsoro, wa ke da sukunin tunanin maƙwabci? Ba zan raina wannan ba. Mutanen Dutse ba su manta da watan Satumba na 2006 ba, lokacin da aka ƙona majami'u a garin, kuma samun filin gina wurin sujada a wasu garuruwan Arewa har yau ba abu ne mai sauƙi ba. Sai dai mu tuna cewa ikkilisiyar Rum da ke ciyar da mutum 1,500 ta fito ne daga tsanantawar Sarki Desiyas ta shekara ta 250, wadda bishop ɗinta ma ya mutu a cikinta. Tsoro yakan sa mutum ya ɗaga katanga, amma maƙwabcin da ya ci tuwon gidanka ranar yunwa ya fi katanga amfani ranar tashin hankali, kuma a rikice-rikicen Arewa an sha jin Musulmin da ya ɓoye Kirista a ɗakinsa, da Kiristan da ya ɓoye Musulmi.

Ja na uku daga Musulmi zai fito, kuma shi ne mafi nauyi: ashe wannan kyautar ba tarko ba ce? Ba haka aka yi da magani da makaranta a zamanin mishan ba? Wannan zargi ya daɗe, tun zamanin da aka danƙa wa mishan asibitocin kutare irin na Yadakunya a Kano da Babbar Ruga a Katsina a shekarun 1930. Amsata ga 'yan'uwana Kirista nake ba da ita: duk buhun da aka ɗaura wa sharaɗi ya tashi daga kyauta ya koma ciniki, kuma cinikin da ake yi da mai jin yunwa zalunci ne. In za mu kai hatsi garin da ruwa ya ci, a kai shi ta hannun mai unguwa da limamin gari, a raba a fili, ba takardar wa'azi a cikin buhu, ba ɗaukar hoton mai karɓa. In ba za mu iya haka ba, gara mu bar hatsinmu a gida.

ABIN DA ZA A IYA YI

Na farko, kowace ikkilisiya ta yi rumbu. Muna bikin godiyar kaka kowace shekara, ana kawo dawa da gero da masara da shinkafa, sau da yawa a yi gwanjonsu nan take lokacin da hatsi ya fi araha, kuɗin ya shige gini. A keɓe kaso sananne, a adana shi a wuri mai tudu, kada a taɓa shi sai tsakiyar damina lokacin da rumbuna suka yi ƙasa, farashi ya hau, ruwa kuma yake barazana. A haɗa da irin shuka, domin wanda aka ba abinci ya ƙoshi wata guda, wanda aka ba iri kuwa ya koma gona.

Na biyu, a dawo wa dikinoni da aikinsu na asali, a kuma bi hikimar sura ta 6: masu riƙon mabuɗin rumbu su fito daga cikin waɗanda abin ya fi shafa, wato 'yan sujadar Hausa, da mutanen ƙauye, da shugabannin zumuntar mata. A rubuta sunayen gwauraye da marayu a asirce don kare mutuncinsu, amma abin da ya shigo da abin da ya fita a karanta shi a gaban jama'a, da Hausa. Faston da ya ji haushin a tambaye shi lissafi, a tuna masa cewa Bulus da kansa ya nemi a haɗa shi da 'yan rakiya.

Na uku, kowace babbar majami'a ta birni ta ɗauki wata ƙarama ta ƙauye su zama 'yan'uwa, ko da ba ɗarikarsu ɗaya ba, kuma dattawanta su je da ƙafarsu aƙalla sau biyu a shekara, su zauna a tabarma, su ci tuwon gidan. Aika kuɗi ta waya yana da kyau, amma ba ya gaya maka cewa rufin ɗakin mai bishara yana yoyo. Antakiya ma da ta tara gudummawarta, manyan malamanta biyu ta tura.

Na huɗu, ranar da aka kira gayyar jinga a Miga ko Auyo ko Ringim, duk Kiristan da ke garin, ko malamin makaranta ne da aka turo daga nesa, ya ɗauki shebur ya fita. Ruwan da zai fasa jingar nan ba zai tsaya tambayar wace rana mai gidan yake zuwa ibada ba.

Ga Musulmin da ya biyo ni har nan, na bar maka taka tambayar: zakkar hatsin da ake fitarwa a garinku da kaka, wa yake riƙe da lissafinta, kuma tana isa ga matar da mijinta ya rasu a ƙarshen unguwa? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ni dai na nuna inda namu yake zuba, da fatan za a hau a gyara kafin wata daminar.

Allah ya kiyaye mutanen bakin kogi, ya ba mu damina mai albarka, ya kuma ba mu ikon taka ƙafa zuwa ƙofar juna. Amin.